Yini guda a birnin Seul: Inda baƙo zai ɗauki hoton nunawa a gida

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Amma da yawa daga cikinmu da kan je Seul, babban birnin Koriya ta Kudu, domin saro motoci ko kayan gyara ko yadi, sai mu dawo zango ba mu da abin nuna wa iyali illa hoton ɗakin otal da na filin jirgi. Dalili kuwa shi ne, ɗan kasuwa ba ya samun sarari sai na yini guda, kuma in bai tsara shi ba sai ya ƙare a neman hanya. Don haka muka ga ya dace mu tsara wa mai karatu wannan yinin, daga hantsi zuwa magariba.

A fara da fadar Gyeongbokgung, wadda sarakunan gidan Joseon suka gina a shekarar 1395. Layi na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da tasha mai sunan fadar. Ana buɗe ƙofa da ƙarfe 9 na safe, kuma wanda ya yi sammako shi ke samun fili kafin ayarin 'yan yawon buɗe ido ya cika wurin. Da ƙarfe 10, sannan da ƙarfe 2 na rana, dogarai kan yi canjin gadi a wajen ƙofar Gwanghwamun cikin riguna ja da shuɗi, da tutoci da ganguna. A can ciki akwai Gyeonghoeru, wani zauren shaƙatawa da ke tsaye kan ginshiƙan dutse 48 a tsakiyar tafki. In ba iska, sai ka samu ginin da inuwarsa a ruwa cikin hoto guda. Wanda ya sa hanbok, wato tufafin gargajiyarsu da ake bayarwa haya a shagunan kusa, ba ya biyan kuɗin shiga. Sai dai a kula, ranar Talata fadar a rufe take.

Daga nan da ƙafa ake isa Bukchon, tsohuwar unguwa mai ɗaruruwan gidajen katako masu rufin tayil. Hoton da aka fi so a nan shi ne a hau can saman lungu a juyo, a haɗa tsofaffin rufuna da dogayen benaye na zamani da ke hange. To amma a nan ne za mu ja kunne. Bukchon ba gidan tarihi ba ce, mutane ne ke kwana su tashi a cikinta. Hayaniyar baƙi da leƙen tsakar gida sun ishe su, har hukumar yankin ta ƙayyade wa masu ziyara lokaci a lungun da ya fi cunkoso, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma, kuma daga watan Maris na 2025 aka sa tarar won 100,000 ga wanda ya saɓa. Mu da muka san zafin baƙo ya shigo zango ya auna kyamara kan tsohuwa a ƙofar gidanta ba sallama, bai kamata a ji mu cikin masu yin haka a garin wasu ba. A sassauta murya, a ɗauki gini, in kuma mutum ake so a nemi izininsa.

Da azahar sai a nufi Itaewon a layi na 6, inda Babban Masallacin Seul yake bisa tudu. An buɗe shi a 1976, a filin da gwamnatin Koriya ta bayar, da gudummawar ƙasashen Musulmi. Daga farfajiya ake samun hasumiyoyinsa biyu da kabbarar da aka rubuta a goshin ginin. Gidajen abincin halal suna nan jere a hanyar, don haka an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

A rufe yinin da dutsen Namsan, wanda ke kusa da Itaewon. Ana hawa da bas ko da keken igiya da ke aiki tun 1962. A ƙolinsa akwai hasumiya mai tsawon mita 236. A isa sa'a guda kafin faɗuwar rana, domin a samu birnin da hasken rana, sannan a sake samunsa bayan fitilu sun kama har zuwa kogin Han.

Wani abin lura shi ne yanayi. Furanni kan buɗe a farkon Afrilu, amma a lokacin ne ƙura kan taso daga hamadar Sin da Mongoliya ta rufe sama kamar hazon hunturu. Yuli kuwa ruwa ne ba ƙaƙƙautawa. Wanda yake da zaɓi ya nemi ƙarshen Oktoba, lokacin da sama ke washewa, ganyaye su koma ja da rawaya.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.