Shin Ko Kun San? Cokali Ɗaya Tak Na Suga Ke Yawo A Jininku!

Shin ko kun san jinin babban mutum ya kai wajen lita 5, amma sugan da ke cikinsa gaba ɗaya bai wuce giram 5 ba? Cokalin shayi guda! To ku riƙe wannan: robar lemon kwalba mai rabin lita tana ɗauke da kusan cokali 13. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi kada a haura 12 a yini, 6 ma ya fi.

Kun san tuwon shinkafa, da ko zaƙi ba shi da shi, suga yake komawa a ciki? Har da na shinkafar fadamar Wurno! Ba a ce mai ciwon suga ya daina ci ba. A rage malmala, rabin kwano ya zama zogale, rama ko alayyafo, a haɗa da wake. Zuma da mazarƙwaila fa? Su ma suna tayar da suga.

Ga abin mamaki: likitocin Indiya na dā da tururuwa suke gane ciwon nan. In ta yanyame fitsarin mutum, shi ke nan!

Yau ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa. Duk da haka fiye da rabin masu ciwon suga a Afirka ba su san suna da shi ba. Ƙishirwa, yawan fitsarin dare, rama ba dalili, miki ya ƙi warkewa? A garzaya asibiti.

Ku haddace lambobi biyu. Awo kafin karin kumallo ya nuna 126 ko sama, aka maimaita ya sake nunawa, ciwon suga ne. Mai shan magani ya ga ƙasa da 70, ga gumi ga karkarwa, suga ya faɗi. A nan sugan ne magani! Cokali 3 ko 4 a ruwa, nan take.

Manoman rani na Kwargaba, Rabah da Goronyo, kun san ciwon nan yana kashe jin tafin ƙafa? Ƙaya ta soki mutum bai sani ba! A sa takalmi, a duba ƙafa kowane dare, har tsakanin yatsu.

Yaro ɗan shekara 14 aka fara yi wa allurar insulin ta ciwon suga, a Kanada, a 1922. Amma insulin ba ta shiri da zafi, ga bazarar Sakkwato tana haura digiri 40. Babu firji? A ɗaure ta a leda, a ajiye a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen rairayi, cikin inuwa.

Kun kuma san Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno, ya rubuta littattafai kan cututtuka da magungunansu? Ashe neman ilimin lafiya gadonmu ne. Ranar kasuwa mai zuwa ku biya asibiti a auna ku, ku tafi da maƙwabcinku.