Kafin a ɗora wa tsohuwar kwamfuta sabon Windows

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Maganar ta shafe mu har nan Kurni, domin da yawa daga kwamfutocin tafi-da-gidanka da 'yan kasuwarmu ke sayowa a Damagaram ko Kano na hannu ne, wasu sun kwana biyu.

Kwamfutar ba za ta mutu ba. Sai dai ta zama kamar shagon da maigadi ya bar aiki: in ɓarayin intanet suka gano kafa, babu mai toshewa.

Windows 11, wanda ya fito a 2021, kyauta ne ga mai Windows 10 na asali, amma da sharaɗi. Yana son RAM giga 4, wurin ajiya giga 64, da wani ɗan abin tsaro mai suna TPM 2.0. Galibin waɗanda aka ƙera kafin 2017 ba su cika sharaɗin ba. Masu gyara sun san hanyar cusa shi da ƙarfi, to amma Microsoft bai yi alkawarin kula da irin wannan ba. A ganinmu, ba nan ne wurin ajiye lissafin kuɗi ba.

Hajiya, Alhaji, in za ku kai taku gyara a Matamaye, ku fara kwafe sunayen masu bashi da lissafin adashi a kan USB, don wani sa'in sai an goge komai. In batir ya mutu kuma, kada a fara aikin sai an tabbatar wuta ba za ta ɗauke a tsakiya ba.