Ko Ka San Hayaƙin Bindiga Ma Yana Dukan Kafaɗa?

Duk maharbin da ya taɓa ɗana adaka a dajin Rugu ya san bindiga ba gaba kaɗai take harbi ba. Tana sakin harsashi, ta maido wa mai ita duka a kafaɗa, bakinta kuma ya zabura sama. Isaac Newton ya rubuta ƙa'idar wannan tun 1687: abin da ka tura gaba, shi ma sai ya tura ka baya. Wannan tsohon labari ne.

Abin da ya burge ni shi ne, ashe hayaƙin ma yana da nasa kason a dukan. Iskar da albarushi ke haifarwa in ya kama wuta tana da nauyi, kuma da zarar ta samu ƙofa, gudunta ya fi na harsashin. Mai shakka ya je hawan Sallah a Katsina ya tsaya kusa da 'yan bindigar Sarki. Ba sa zuba ƙwayar harsashi ko ɗaya, albarushi ne da ɗan tsumma ko takarda da aka danna. Amma dubi hannun mutumin in ya ja kunama: bindigar na fizga, damtsensa na girgiza, farin hayaƙi ya turnuƙe shi har a daina ganin rawaninsa. Me ya fizge ta? Hayaƙi ne. Baƙin albarushi irin na gargajiya kuwa, fiye da rabinsa ba ya zama iska ma, gari ne da toka ke fita a guje, shi ya sa hayaƙin yake da kauri haka.

To, in hayaƙi na tura bindiga, ai ana iya juya akalarsa. Nan Turawa suka shigo. Wani hafsan sojan kundumbalar Amurka, Richard Cutts, ya ƙera wani ƙarfe mai tsage-tsage da ake ɗaura wa bakin bindiga a shekarun 1920, iskar ta riƙa fita ta sama tana danne bakin ƙasa. A farkon shekarun 1970 kuma Larry Kelly na jihar Michigan ya fara huda jikin bututun kansa, kuma ba da abin huda na kafinta ba, da tartsatsin lantarki mai cin ƙarfe a hankali ba tare da ya bar kaushi a ciki ba. Kamfaninsa Mag-na-port da wannan ya yi suna.

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun sha ganin wannan dabara ba su sani ba, tunda shekarun nan bindiga ta zama abin gani kullum a shingen jami'an tsaro. Ka lura da bakin wasu bindigogin AK da ke hannun soja: an fere shi a karkace kamar alƙalamin kara na rubutun allo. Ba ado ba ne. Samfurin AKM ne, wanda Tarayyar Soviet ta fara fitarwa a 1959, daga baya aka ƙara masa wannan baki. Bindigar tana son hawa sama ta yi dama a hannun badamai, shi ya sa aka bar wa iskar hanya ta can, don ta maido bakin inda ya baro. Ƙaton ƙullutun da ke bakin igwar wasu tankokin yaƙi ma aikinsa ke nan.

Akwai dai bindigar da babu hujin da zai lallashe ta. A ƙarni na 19, masu farautar agwagin ruwa don sayarwa a Ingila da Amurka suna da wata ƙatuwar bindiga da ba a iya ɗauka a kafaɗa, sai a ɗaure ta a kan kwalekwale. Da kwalekwalen ake saiti. Harbi ɗaya na iya kayar da tsuntsu sama da 50, kwalekwalen kuma ya yi baya a kan ruwa da mutumin kwance a ciki. Ɓarnar ta yi yawa har Amurka ta hana, dokar kare tsuntsaye ta 1918 ta ƙarasa kashe sana'ar.

Ko a bindigar farauta mai watsa ƙwayoyi, irin wadda 'yan sintiri ke rataye da ita, hujin ba ya wani abin kirki. Matsin iskar da ke cikinta bai kai sulusin na AK ba, kuma kafin ya isa ƙarshen dogon bututu ya riga ya sauka ƙwarai. Ƙwayoyin kuma nauyi gare su, su ke da kaso mafi tsoka na dukan. Bakin zai ɗan rage zabura, kafaɗa kuwa da wuya ta ji bambanci. Wanda zai ji shi ne abokin da ke tsaye a gefe, domin ƙarar da ya kamata ta tafi gaba yanzu kunnensa ta nufa.

A bindigar maƙera kuwa zancen ya wuce na ƙara. Bututun da ba a yi shi don riƙe wuta ba, da ma a kan gaɓa yake, kuma yatsun da fashewar adaka ta ci a ƙauyukanmu ba kaɗan ba ne. Kowane huji wurin tsagewa ne. Birmingham, garin da ya ƙera bindigogi masu ɗimbin yawa da aka kawo gaɓar Afirka ta Yamma, ya buɗe gidan gwajin bututu tun 1813: a cika shi da albarushi fiye da ƙima a harba, in ya tsira a buga masa hatimi, in ya fashe a jefar. Har yau gidan na aiki. A Najeriya kuma Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko gyara ta ba da izinin hukuma ba, kuma masana'antar gwamnati mai wannan aiki ita ce DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964.