Sanyaya Tafin Hannu a Filin Wasa: Amfaninsa da Iyakarsa

A gasar guje-guje ta duniya da aka yi a Doha a 2019, sai da aka jira tsakar dare kafin a saki mata masu gudun fanfalaki, don gudun zafin rana. Duk da haka, cikin mata 68 da suka tashi, 40 kaɗai suka kai ƙarshe. Abin da ke kayar da ɗan wasa a irin wannan yanayi shi ne jikinsa ya tara zafi fiye da yadda zai iya fitarwa.

Shi ya sa na'urorin sanyaya tafin hannu suka samu kasuwa. Tushensu Jami'ar Stanford ce ta Amurka, inda masana biyu, Craig Heller da Dennis Grahn, suka yi nazarin tafin hannu da tafin ƙafa da fuska. A waɗannan wurare akwai hanyoyin jini na musamman dab da fata. In jiki ya ɗau zafi sai su buɗe, jini ya kwararo. Aka ɗora tafin a kan abu mai sanyi a wannan lokaci, sai jinin ya huce, ya koma zuciya, ita kuma ta raba shi ko'ina. Na'urar CoolMitt, wadda ta fito daga wannan bincike, kamar safar hannu take, ruwan sanyi na zagayawa a cikinta. Ɗan wasa ya zura hannu na 'yan mintuna lokacin hutu, ya koma fili.

Inda ake tafka kuskure shi ne ƙanƙara. Sanyi in ya wuce kima, hanyoyin jinin nan tsukewa suke yi. Hannu ya sandare, ciki kuwa yana ta tafasa. Sanyi matsakaici ake so, wajen digiri 10 zuwa 15. Yaron da ya damƙi ledar ruwan da ya daskare a bakin fili, cikin zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, gara ya tsoma hannunsa a bokitin ruwan sanyi. Kuma kada a ruɗu da daɗin bakin 'yan talla, don ba kowane bincike ne ya ga irin ribar da suke faɗa ba. Na'urar ba ta maye gurbin shan ruwa, ko inuwa, ko atisaye da sanyin safiya.

Babban gargaɗin yana nan. In ɗan wasa ya fara tangaɗi, ko sambatu, ko ya faɗi bai san inda yake ba, lamarin ya wuce na tafin hannu. Zafin cikinsa na iya haura digiri 40, kuma yana kisa. A nan ƙanƙara ta yi rana: a cire masa kaya, a tsoma jikinsa cikin ruwan sanyi har wuya ana tallafe da kansa, ko a yi ta kwara masa ana fifita. Masu horarwa, ku fara sanyaya shi nan take a filin, sannan a garzaya da shi asibiti.