3.4 Matsayin Kunya Wajen Tarbiyyar Ɗalibai a Makaranta

A sashen da ya gabata an yi bayanin ma'anar tarbiyya a wurin Bahaushe. Wannan sashe kuwa zai dubi kunya, da yadda hukumar makaranta za ta yi amfani da ita. Kirk-Greene (1974) ya sanya kunya cikin halaye goma na mutumin kirki, tare da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da ladabi da mutunci da hikima da adalci.

Yaro yakan zo makaranta da kunyarsa tun daga gida. An riga an koya masa ya rusuna idan zai gai da babba, kada ya haɗa ido da shi, kada kuma ya tsoma baki idan manya suna magana. Wannan hali yana sauƙaƙa aikin malami, domin ɗalibi mai kunya yakan guji sata da ashar da satar amsa don gudun abin faɗa, ko babu bulala.

Sai dai kuma kunya takan hana ɗalibi yin tambaya a aji ko da bai fahimci darasi ba. Haka nan malamin da bai san al'adar ba yana iya ɗaukar sunkuyar da kai a matsayin rashin gaskiya ko daƙiƙanci. Mafi muni shi ne ɗaliba ta ɓoye cin zarafin da aka yi mata saboda nauyin faɗa.

Saboda haka akwai abubuwa uku da suka rataya a wuyan shugaban makaranta. Na farko, ya fahimtar da baƙin malamai wannan al'ada, musamman masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda tun 1973 ake turawa jihohin da ba nasu ba. Na biyu, ya ware malama wadda ɗalibai mata za su riƙa kai wa kukansu a keɓe. Na uku, a rage tozarta mai laifi a gaban taron ɗalibai, domin yaron da aka saba kunyatawa yakan fitsare, daga nan kuwa gyaransa sai ya yi wuya.

A taƙaice, aikin makaranta shi ne ta raya kunyar aikata abin ƙi, ta kuma nuna wa ɗalibi cewa matambayi ba ya ɓata. Sashe na gaba zai yi magana a kan amana.