Injin da Ba Ya Tashi Sai Yaron Shago Ya Iso

Kawuna yana da shagon ɗab'i a Badariya, cikin Birnin Kebbi. Gaban shagon na ɗalibai ne, 'yan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da 'yan Jami'ar Tarayya da ke can wajen Kalgo, masu kawo furojet a buga musu a ɗaure. Amma abincin gidan daga ɗakin baya yake fitowa, inda wani dogon inji ke fitar da fileks da fasta da sitika: na 'yan siyasa, na walimar sauka, kalandar biki, da allunan talla na masu casar shinkafa daga Argungu.

Ana tsakiyar bazara injin nan ya tsiro da wani hali. Kawu zai buɗe shago da hantsi, ya kunna komai, ya tura aiki daga kwamfuta, aikin ya shiga layi ya tsaya cak. Inji na kunne, fitilarsa kore shar, amma ko motsi. Sai yaron shago ya iso, wani matashi ɗan Argungu da ke koyon sana'a a wurinsa shekara ta uku ke nan. Kafin ya gama jingine mashin ya gaida mutane, an sake tura aiki, inji ya kama zuba tawada kamar ba shi ba. Kuma ba kullum ba ne. Wata safiyar lafiya lau, ko da yaro ko babu.

Abin da ya ƙara dagula lissafi, yaron bai daɗe da roƙon a ƙara masa ɗan abin da ake ba shi ba.

"Wanga yaro ya ɗaure mani inji," in ji Kawu ranar da ya kira ni. "So yake in san ba ni iya komi sai da shi."

Na ce, "Kawu, a ba ni mako biyu kafin a yanke masa hukunci."

Kafin zuwana an riga an gwada abin da kowa zai gwada. An canza wayar da ta haɗa kwamfuta da inji, an bushe ƙura, an zargi zafi, wanda a Birnin Kebbi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Har makaniki aka ɗauko daga Sakkwato. Ya kwance, ya goge, ya ɗaure, ya tura aiki ya fita tsaf, ya karɓi kuɗinsa ya koma tasha. Ba wanda ya lura cewa yaron na tsaye kusa da shi yana miƙa masa sukuddireba.

Ni ba makaniki ba ne, abin da na iya shi ne rubutu. Sai na sayi littafi mai shafi arba'in na ja layuka: rana, wa ya buɗe shago, ƙarfe nawa inji ya tashi, yaya wuta ta kwana. Na kuma roƙi abu ɗaya, duk safiyar da ya ƙi, a danna gwajin da injin ke yi da kansa daga maɓallan jikinsa, ba tare da kwamfuta ba. Gwajin ya fita kowane lokaci, launuka huɗu reras. Ke nan injin lafiyarsa ƙalau. Cutar tana can baya, a inda ake turo masa aiki.

Kwana goma littafin ya fara magana. Shagon na da ƙaramar inbata mai tsohon batir. Daren da aka dawo da wuta kafin asuba, da safe ba matsala. Daren da wuta ta kwana ba ta dawo ba har inbata ta mutu, da safe sai an jira yaro. Ba a sami rana ɗaya da ta saɓa ba. Na nuna wa Kawu, ya duba, ya ce to, wuta ce ke kwantar da shi, mun ji, amma mi ya sa yaron ne ke tashe shi?

Tambayar tana kan hanya. Sai muka shirya gwaji. Safiyar da inji ya ƙi, muka tare yaron a ƙofa, muka ce ya zauna a benci a waje, kada ya taɓa komai. Ya zauna yana kallonmu, fuskarsa ba daɗi. Bayan 'yan mintoci Kawu ya rufe manhajar ya sake buɗewa, ya tura aiki. Inji ya tashi.

Na yi nadamar wannan gwaji, don maimakon ya wanke yaron sai ya ƙara shafa masa baƙi. Mai shayin da ke gefen shago ya ce shi dama ya faɗa, wannan ba aikin waya ba ne, aikin malamai ne. Kawu bai ce uffan ba, amma na ga ya daina amsa gaisuwar yaron da sakin fuska.

Abin da ya cece shi tsautsayi ne. Wayarsa ta faɗi gilashin ya fashe, ya bar ta wurin mai gyara ta kwana biyu. A rana ta biyu wuta ta kwana babu. Ya iso shago, ya zauna, ya tashi, ya shiga ɗakin baya, ya dafa injin da hannunsa, ya tura aikin da kansa. Shiru. Har azahar shiru, ga wani Alhaji daga Argungu zaune yana jiran allon tallarsa yana duba agogo. Ashe ba yaron injin ke jira ba, abin da ke aljihunsa yake jira.

A ranar ne na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Duk lokacin da aiki ya tsaya, wani ɗan akwatin rubutu na Turanci yakan fito, kowa kuma ya saba danne shi ba tare da ya karanta ba, kamar yadda ake korar ƙuda. Na ce a bar shi. Cewa yake lasisin manhajar ba ya aiki a wannan kwanan wata. Na kai idona ƙasan allo ta dama, inda agogo yake. Kwamfutar tana 1 ga Janairu na wata shekara da ko injin ba a ƙera ba.

Daga nan zaren ya warware. A cikin kowace kwamfutar tebur akwai ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, mai ƙarfin bolt 3, faɗinsa milimita 20. Aikinsa riƙe agogo idan babu wuta sam. Muddin kwamfuta na jone da soket mai wuta, ko a kashe take, agogon na samun ɗan abin da zai rayu da shi. Batirin Kawu ya mutu tuntuni, kwamfutar ma ta hannu ce ya saya. Duk daren da inbata ta ɗauke, sai agogo ya manta komai ya koma ranar da aka haife shi. Ita kuwa manhajar da ke tsakanin zane da inji, wadda masu sana'a ke kira RIP, mai mayar da zane ɗige-ɗigen da inji zai fesa, lasisinta na da ranar farawa da ranar ƙarewa. In ta ga kwanan wata ya fita daga tsakaninsu, ko ta ga agogo ya ja da baya, sai ta ɗauka ana son yi mata wayo, ta rufe ƙofa. Yaron kuwa ya taɓa jona kwamfutar da intanet ɗin wayarsa don sauko da hoton wani kwastoma, ita kuma ta riƙe. Da ya matso kusa da shago sai ta kama da kanta, Windows 10 ta gyara agogo, ƙofa ta buɗe. Daga benci ma yana isa.

Muka saita agogo da hannu, Alhajin Argungu ya karɓi aikinsa. Batirin kuwa wurin mai gyaran agogo muka samo shi a babbar kasuwa, kuɗinsa bai kai na farantin shinkafa da miya ba. Kawu ya kira yaron gaban mai shayi ya ce, "Na zalunce ka cikin zuciyata, ka yafe mani." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komi, Baba."

Na ɗauka an gama. Bayan wata biyu yaron ya tafi gida Argungu taya mahaifinsa aikin shinkafa a fadama, ya daɗe. Wata safiya inji ya sake tsayawa, ga agogo daidai har da minti.

Wannan karon akwatin rubutun muka fara karantawa, sannan na sa Kawu ya zazzage durowa har muka sami takardar da dillalin ya haɗo da injin. A nan na gane cewa Kawu bai san abin da ya saya ba. Shi a ganinsa ya biya kuɗin inji da duk abin da ke tafiyar da shi, kamar mai sayen mota da makullinta. A takarda kuwa injin ne nasa, manhajar haya ce ta shekara, kuma sharaɗinta ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30 ta tabbatar an biya. Wayar yaron ce ke sauke wannan farali ba da sanin kowa ba.

Ba dillalin Kawu ne ya ƙirƙiro wannan tsari ba, haka kasuwar ta juya. Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sababbin manhajojinsa na zane a sayar sau ɗaya, ya koma biyan wata ko shekara. CorelDRAW, wadda ta fito daga Kanada a 1989 kuma ita ce hannun daman masu zane a shagunanmu, ta bar ƙofa biyu, ko ka saya gaba ɗaya ko ka yi haya. Haya na da daɗinta, kuɗin shiga kaɗan ne kuma sabon gyara na zuwa maka. Sai dai an tsara ta ne don inda intanet ba ya yankewa, kuma da dala ake lissafinta, ga wanda ke karɓar naira.

Da muka kira dillalin, sai ga shi akwai zaɓin da bai taɓa ambata ba. Akwai lasisin dindindin da ake ɗaure shi da kwamfuta ɗaya. Na hana Kawu wannan, don a garin da wuta ke zuwa da ƙarfi ta ƙona allon cikin kwamfuta, ranar da ka canza shi manhajar za ta ce ba ta san ka ba, sai ka bi dillali ya sake buɗe maka. Akwai na kujeru, inda ake biyan adadin kwamfutocin da za su tura aiki lokaci guda, wanda ya dace da babbar maɗaba'a ko jami'a, ba shago mai tebur biyu ba. Sai kuma dongul, ɗan abu kamar filash da lasisin ke zaune a cikinsa: duk kwamfutar da ka soka shi ita ce mai izini, kuma irin wanda aka yi mana tayi ba ya neman intanet. Aibinsa ɗaya, in ya ɓata ko aka sace, kamar kuɗinka ne suka faɗi a kasuwa.

Wani maƙwabci ya ba da shawarar da kowa ya sani, a sa fasasshiya kyauta a huta. Na ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta haɗa har da manhajar kwamfuta. Ko an ajiye doka gefe, wanda ya fasa maka ƙofar wani ba ka san me ya shigo da shi ɗakinka ba, kuma kwamfutar nan ce ke ɗauke da ayyukan mutane. Ga ƙananan firintocin gaba akwai hanyar halal ta kyauta, CUPS, da ke tafiyar da ɗab'i a Linux tun 1999, amma dogon injin baya yana buƙatar abin da ya san launinsa da tawadarsa.

Kawu ya kwana biyu yana lissafi, ya sayi dongul. Ya sa an yi masa ɗan akwatin ƙarfe mai kwaɗo a bayan kwamfutar, makulli ɗaya a aljihunsa. Na biyun yana hannun yaron, wanda aka ƙara wa albashi a watan da ya dawo daga Argungu.