Wayne Gretzky da Hikimar Wasan Hoki na Ƙanƙara

Hoki na ƙanƙara wasa ne na ƙasashen da sanyi yake daskarar da ruwa watanni da dama a shekara, kuma babu inda ya yi jijiya kamar Kanada, inda aka ɗauke shi a matsayin wasan ƙasa na lokacin hunturu. Ana yin sa a kan filin ƙanƙara mai tsawon mita 61 da faɗin mita 26, kowane ɓangare da 'yan wasa 6 har da mai tsaron raga, dukkansu sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa wanda suke zamewa a kansa, suna kora wani ɗan faifan roba mai tauri da sanduna masu lanƙwasa a baki. Wasan zagaye 3 ne na minti 20, amma saboda tsananin gudu, da wuya ɗan wasa ya wuce minti guda a fili ba a sauya shi ba. Ana ba ɗan wasa maki ɗaya idan ya zura faifan a raga, ana kuma ba shi maki ɗaya idan shi ya miƙa wa wanda ya zura, abin da ake kira taimakon ci. Wannan ƙa'ida ta biyu ita ce mabuɗin fahimtar Wayne Gretzky, wanda mafi yawan masana suka yarda cewa ba a taɓa yin kamarsa ba.

An haife shi ranar 26 ga Janairu 1961 a garin Brantford na lardin Ontario. Mahaifinsa Walter, ma'aikacin kamfanin wayar tarho, yakan malala ruwa a bayan gida ya daskare, a nan kuma ya koya wa yaron dabarar da ta zama ginshiƙin wasansa, wato ya nufi inda faifan zai je maimakon ya bi shi inda yake. Yana ɗan shekara 10 ya ci sau 378 a kaka guda, nasarar da ta jawo masa hassadar iyayen wasu yara, har ya koma Toronto yana da shekara 14. A 1978, yana ɗan shekara 17, ya sa hannu da ƙungiyar Indianapolis Racers, wadda ta sayar da shi ga Edmonton Oilers bayan wasa 8 kacal, shekara guda kafin Oilers ta shiga gasar NHL, babbar gasar ƙwararru ta Kanada da Amurka.

Masu sharhi da yawa sun zaci ba zai kai labari ba, domin siriri ne, ba shi da ƙarfin ture abokan karawa, alhali wasa ne da doka ta yarda a bangaje mutum a haɗa shi da katangar fili. Abin da ba su lissafa ba shi ne yadda yake karanta fili. A hoki ragar ba ta manne da ƙarshen fili, akwai sarari a bayanta inda wasa yake ci gaba, kuma Gretzky ya mai da wannan sarari mazauninsa, har aka riƙa kiran wurin ofishinsa. Daga nan yana ganin kowa, ragar tana kare shi, mai tsaron raga kuwa dole ya waiwaya, idan masu tsaron baya suka taso masa sai su bar wani a sake a gaba, shi kuma ya miƙa masa. Gaskiya ne cewa yana da masu kare shi, irin su Dave Semenko, waɗanda aikinsu shi ne su yi dambe da duk wanda ya taɓa shi, al'adar da ta daɗe tana rage wa wasan kwarjini, amma kariya kaɗai ba ta haifar da alƙaluman da ya kafa. A kakar 1981 zuwa 1982 ya ci sau 92, kuma 50 na farko a wasa 39 ya ci su. A kakar 1985 zuwa 1986 ya tara maki 215, daga ciki 163 taimakon ci ne. Ya lashe kyautar Hart ta gwarzon gasa sau 8 a jere, ya kuma jagoranci Edmonton ta ɗauki Kofin Stanley, kofin zakarun gasar, a 1984, 1985, 1987 da 1988.

Ranar 9 ga Agusta 1988 mai ƙungiyar, Peter Pocklington, ya miƙa shi ga Los Angeles Kings a wata yarjejeniya da ta ƙunshi musayar 'yan wasa da dala miliyan 15. Ran 'yan Kanada ya ɓaci matuƙa, har wani ɗan majalisa ya nemi gwamnati ta hana cinikin. Gretzky bai sake ɗaukar kofin ba, iyakarsa wasan ƙarshe na 1993 inda Montreal Canadiens ta doke Kings, amma zuwansa Kalifoniya ya sa mutanen da ba su san hunturu ba suka cika filayen kallo, kuma cikin 'yan shekaru aka kafa ƙungiyoyi a San Jose, Anaheim da Florida. Wannan faɗaɗa zuwa kudu ta zo da asara ga ƙasarsa, domin a 1995 da 1996 biranen Quebec da Winnipeg suka rasa ƙungiyoyinsu, aka mai da su Amurka.

Bayan ɗan zama a St. Louis da shekaru 3 a New York Rangers, ya yi ritaya a Afrilu 1999 da ci 894, taimakon ci 1,963 da jimillar maki 2,857. Ko da a ce bai taɓa zura faifai a raga ba, taimakonsa kaɗai ya fi dukkan makin Jaromir Jagr, wanda yake bi masa da 1,921. Gasar ta hana kowa sake saka lambarsa ta 99. Ya shugabanci zaɓen tawagar Kanada da ta ci zinare a Olamfik na 2002, karon farko cikin shekara 50, sai dai horar da Phoenix Coyotes da ya yi daga 2005 zuwa 2009 bai yi armashi ba, ƙungiyar ba ta taɓa kaiwa zagayen neman kofi a hannunsa ba. A ranar 6 ga Afrilu 2025 Alexander Ovechkin ɗan Rasha ya ci na 895 ya karɓe tarihin yawan ci, Gretzky kuma yana filin ya taya shi murna. A fannin taimakon ci kuwa, na biyu a tarihi shi ne Ron Francis, wanda ya ajiye sanda da 1,249.